Kunama da shuri: Yadda ƙaramar libarba ta bambanta da babba a hannun mai harbi

A ranar 21 ga watan Oktoban 2021, a wani dandalin ɗaukar fim da ke jihar New Mexico ta Amurka, harsashi ya fito daga bindigar da ke hannun tauraron fina-finai Alec Baldwin, ya kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins, ya kuma raunata darakta Joel Souza.

Baldwin ya ce shi dai ya ja gudumar bindigar baya, amma bai danna kunama ba. Binciken hukumar FBI kuwa ya nuna cewa muddin kayan cikin bindigar suna lafiya, ba za ta tashi ba sai an danna kunamar. A watan Yulin 2024 kotu ta yi watsi da shari'ar, bayan ta gano cewa an ɓoye wa lauyoyinsa wasu hujjoji, don haka masu taimaka wa alƙali ba su kai ga yanke hukunci kan wannan batu ba.

Bindigar da ta jawo wannan rashi libarba ce, wato ƙaramar bindigar hannu mai ganga da ke juyawa. Lamarin ya sa mutanen da ba su taɓa riƙe bindiga ba suka fara tambaya: wane irin ƙarfi yatsa ke buƙata kafin libarba ta tashi? Shin girman harsashi ne ke sa kunama ta yi tauri ko laushi? Kuma wacce ta fi sauƙin sarrafawa, ƙarama ko babba?

Amsoshin sun saɓa wa abin da hankali zai fara kawowa.

Mece ce libarba, kuma me lambobinta ke nufi?

A shekarar 1836 Samuel Colt ya yi rajistar fasahar libarbarsa a Amurka, kuma har yau tsarin bai sauya sosai ba. A tsakiyar bindigar akwai ganga mai ramuka, galibi biyar ko shida, kowane rami da harsashinsa. Gangar kan juya ta daidaita rami ɗaya da bututu, sai guduma ta faɗo ta bugi gindin kwanson harsashi, albarushi ya kama, harsashi ya fita.

Lambobin da ake ji irin su .22 da .38 da .44 suna nuni ne ga faɗin harsashi da ma'aunin inci. Na .22 bai kai milimita 6 ba, na .38 yana kusa da milimita 9, na .44 kuwa yana dab da milimita 11.

Sai dai sunayen ba su cika zama daidai da awo ba. Harsashin .38 Special da na .357 Magnum faɗinsu ɗaya ne. Bambancin shi ne kwanson .357 Magnum, wanda ya fito a 1935, ya ɗan fi tsayi, kuma matsin da yake haifarwa ya ninka na ɗan'uwansa. Shi ya sa libarbar .357 ke iya harba .38, amma ta .38 ba ta karɓar .357.

Akwai kuma abu na biyu da mutane kan haɗa da na farko alhali daban suke, wato girman jikin bindigar. Kamfanin Smith & Wesson yana rarraba jikin libarbobinsa da haruffa: J ce ƙarama, K da L matsakaita, N babba, sai X wadda ta fi duka. Ana iya samun babbar bindiga mai harba ƙaramin harsashi, kamar Model 617 da ke cin harsashin .22 guda goma kuma nauyinta ya haura kilo ɗaya. Ana kuma iya samun 'yar mitsitsiya mai harba harsashi mai ƙarfi, kamar 340PD da ke harba .357 Magnum alhali nauyinta bai kai giram 350 ba.

Duk wanda zai kwatanta libarbobi, sai ya riƙe waɗannan abubuwa biyu a rarrabe.

Hanyoyi biyu na jan kunama

Hanya ta farko ita ce mai harbi ya ja guduma baya da babban yatsa har ta ɗanu. A lokacin gangar ta riga ta juya, aikin da ya rage wa kunama ɗaya ne tak: sakin guduma. Tafiyar kunamar gajeruwa ce ƙwarai, kuma ƙarfin da take buƙata yakan kasance tsakanin kilo ɗaya da rabi zuwa biyu, wani lokaci ma ƙasa da haka. Tsofaffin libarbobi irin na fina-finan kaboyi, kamar Colt ta 1873, ta wannan hanya kaɗai suke aiki. Bindigar da ke hannun Baldwin kwaikwayon wannan samfuri ce da aka ƙera a Italiya.

Hanya ta biyu ita ce a bar wa kunama aikin gaba ɗaya. Yatsa ne zai ɗaga guduma, ya juya ganga, ya kulle ta, sannan ya saki gudumar, duk a ja ɗaya. Tafiyar tana da tsawo, kuma takan buƙaci ƙarfin kilo huɗu da rabi zuwa shida.

Wannan doguwar tafiya ita ce kariyar libarba. Yawancinsu ba su da wani makulli da ake turawa da yatsa kafin harbi, taurin kunamar ne ke hana ta tashi ba da niyya ba. Da zarar an ɗana guduma kuwa, wannan kariya ta kau, abin da ya rage tsakanin mai riƙe da ita da harbi ɗan motsi ne da firgita ko tuntuɓe kan iya haifarwa.

Dalilin da ya sa ƙarama ta fi tauri

Mutane da yawa kan ɗauka cewa ƙaramin harsashi na tafiya da kunama mai laushi. A zahiri, libarbar .22 sau da yawa ta fi ta .38 ko .44 taurin kunama, idan ana maganar dogon ja.

Sirrin yana gindin kwanso. Harsashin .22 Long Rifle, wanda ya fito tun 1887, an zuba masa sinadarin da ke kunna albarushi ne a cikin leɓen kwanson, zagaye. Dole guduma ta murƙushe wannan leɓe na tagulla kafin wuta ta kama, kuma hakan na buƙatar duka mai ƙarfi. Manyan harsasai kuwa suna da ɗan makunni na musamman a tsakiyar gindinsu, wanda ya fi saurin amsawa. Saboda haka masu ƙera libarbar .22 kan saka mata sifirin mai ƙarfi, kuma yatsan mai harbi ne ke biyan kuɗin wannan ƙarfi.

Girman jiki ma yana da tasa rawar. Gudumar ƙaramar libarba ba ta da nauyi, kuma tazarar da take lilo kafin ta yi duka gajeruwa ce. Don ta cike wannan giɓi, sai an ƙara mata ƙarfin sifirin. Ƙari a kan haka, sassan da ke cikinta gajeru ne, ba sa ba yatsa irin rinjayen da dogayen sassa ke bayarwa, kamar dai yadda guntun sifana ya fi dogo wahalar kwance noti.

A libarbobin Smith & Wesson akwai wani bambanci da masu harbi ke yawan ambata. Masu jikin J suna amfani da sifirin naɗaɗɗe, masu jikin K da L da N kuwa suna amfani da sifirin mai kama da faffaɗan ƙarfe. Da yawa na ganin na biyun ya fi santsi, kuma nauyinsa ya fi tafiya bai-ɗaya daga farkon ja zuwa ƙarshe. Tsofaffin libarbobin Colt kuma an san su da wata ɗabi'a ta daban, inda kunamar ke ƙara tauri yayin da take kusantar ƙarshe.

Kamfanoni sun yi ta neman mafita. A 2009 kamfanin Ruger ya fitar da ƙaramar libarba mai suna LCR, wadda aka sake wa tsarin sassan kunama domin rage gogayya. Wasu masu bindiga kuma kan kai wa makaniken bindigogi ya saka musu sifirin mai laushi, amma idan aka wuce gona da iri sai guduma ta riƙa duka harsashi ya ƙi tashi.

Kunama mai kilo biyar a jikin bindiga mai giram 400

Taurin kunama shi kaɗai ba ya faɗin komai sai an auna shi da nauyin bindigar.

A ɗauki Model 642, ɗaya daga cikin ƙananan libarbobin da suka fi kasuwa a Amurka. An ƙera jikinta da alminiyum, nauyinta ya ɗan haura giram 400, kuma kunamarta na iya buƙatar fiye da kilo biyar. Ke nan yatsa na matsa wa bindigar da ƙarfin da ya ninka nauyinta fiye da sau goma, kuma a cikin wannan hali ake so ta tsaya cak a kan saiti.

A ɗauki kuma Model 686 mai bututun inci huɗu, wadda nauyinta ya kai kimanin kilo 1.1. Ko da kunamarta na buƙatar ƙarfi kusan ɗaya da na ƙaramar, ninkin bai wuce huɗu ko biyar ba. Nauyin ƙarfen kan shanye rawar yatsa.

Mariƙi ma haka. Na ƙaramar libarba gajere ne, sau da yawa ɗan ƙaramin yatsa ba ya samun wurin zama. Na babba yana cika tafin hannu, ko da yake mai gajerun yatsu kan sha wuya wajen kai yatsa ga kunamarta yadda ya kamata.

Sai kuma tazarar da ke tsakanin alamun saiti biyu, na gaba da na baya. Idan tazarar santimita 10 ce, kuskuren milimita ɗaya wajen daidaita su zai kauce da harsashi da santimita 10 a nisan mita goma. Idan tazarar ta kai santimita 20, kaucewar za ta koma santimita biyar. Guntun bututu ba ya yafe kuskure.

Waɗannan dalilai ne suka sa masu koyar da harbi da dama a Amurka ke kallon ƙaramar libarba a matsayin makamin ƙwararru, duk da cewa ita ake yawan miƙa wa sabon shiga saboda ƙanƙantarta. Raina kama, in ji Hausawa, ka ga gayya.

Shuri: lissafin da ba ya ƙarya

Idan harsashi ya fita gaba, bindiga kan yi baya. Wannan shi ne shuri, kuma ƙa'idar da Isaac Newton ya bayyana tun 1687 ce ke tafiyar da shi: duk turin da aka yi wa harsashi, irinsa ake yi wa bindiga.

Misali, harsashin .38 Special mai nauyin kusan giram 10 na fita da gudun kimanin mita 250 a daƙiƙa. Idan daga bindiga mai kilo 1.1 ya fita, za ta yi baya da gudun da ya ɗan haura mita biyu a daƙiƙa. Idan kuwa daga mai giram 400 ne, gudun zai haura mita shida, kuma ƙarfin dukan da tafin hannu zai sha ya kusa ninkawa uku. Wannan lissafi ne na kusa, bai haɗa da turin hayaƙin albarushi ba, amma ya isa ya nuna cewa harsashi ɗaya kan zama mai sauƙin hali a babbar bindiga, ya zama mai zafi a ƙarama.

Harsashin .22 nauyinsa bai kai giram uku ba, don haka shurinsa kusan babu. Na .44 Magnum kuwa ya haura giram 15, kuma gudunsa na iya wuce mita 400 a daƙiƙa. Ko a cikin bindiga mai nauyin kilo ɗaya da ɗoriya, shurinsa na ɗaga bakin bindiga sama sosai, ya girgiza wuyan hannu.

Ɗagawar nan tana faruwa ne saboda bututun libarba yana sama da hannu, don haka turin kan juya bindigar a kan wuyan hannu. Wani kamfanin Italiya mai suna Chiappa ya gwada magance hakan da libarbarsa Rhino, wadda ke harbi daga ramin ƙasa na ganga, domin turin ya tafi kai tsaye cikin hannu.

Fargabar da ke riga harbi

Babbar matsalar manyan harsasai ba ta cikin ƙarfe, tana cikin ƙwaƙwalwa. Wanda ya sha shuri mai zafi sau biyu ko uku, jikinsa kan fara kare kansa tun kafin bindiga ta tashi. Ido ya ƙifta, hannu ya danna ƙasa, yatsa ya fizgi kunama maimakon ya ja ta sannu a hankali. Sakamakon shi ne harsashi ya sauka ƙasa da inda aka nufa.

Ƙara ma na taimakawa wajen haifar da wannan fargaba. Ƙarar .357 Magnum kan haura desibel 160, alhali abin da ya wuce 140 na iya lalata ji nan take. Hatta .22 daga bindigar hannu ta wuce wannan iyaka, shi ya sa filayen koyon harbi ke tilasta toshe kunne. Libarba kuma na fesar da wuta da hayaƙi ta ɗan giɓin da ke tsakanin ganga da bututu, kuma a manyan harsasai wannan feshi na iya yi wa yatsan da ya kusanci wurin mummunan rauni.

Tarihin .44 Magnum ya nuna yadda sha'awa kan riga iyawa. An fitar da shi a tsakiyar shekarun 1950, bisa ƙoƙarin Elmer Keith, wani makiyayi kuma marubuci da ke neman bindigar hannu ta farautar manyan dabbobi. Bayan fitowar fim ɗin Dirty Harry a 1971, wanda Clint Eastwood ya riƙe Model 29 a cikinsa, masu saye suka yi mata caa har ta yi wuyar samu. Labarin da ya shahara tsakanin dillalan bindigogi shi ne yadda wasu ke dawo da ita kasuwa ba tare da sun ƙarar da kwalin harsashi na farko ba.

Duk da haka manyan libarbobi na da gurbinsu. A jihar Alaska mafarauta da masunta kan rataya su saboda beyar. A 2003 kuma Smith & Wesson ya fitar da Model 500, mai cin harsashi biyar da nauyin kusan kilo biyu. An ba ta wannan nauyi da gangan, domin in ba haka ba hannu ba zai jure ta ba.

Darasin da 'yan sanda suka koya

Tsawon yawancin ƙarni na 20, ɗan sandan Amurka libarbar .38 matsakaiciya yake ratayawa, irin wadda Smith & Wesson ya fara ƙerawa a 1899. A 1950 kamfanin ya fitar da ƙaramar Chiefs Special mai harsashi biyar domin jami'an farin kaya, kuma ita ce mafarin jikin J.

Harbe-harben kuskure da aka riƙa samu daga jami'an da suka ɗana guduma suna cikin tashin hankali sun sa rundunoni irin na Los Angeles da New York suka koma ga libarbobin da ba sa ɗanuwa, sai dai dogon ja. Sun zaɓi tauri a kan laushi domin kare rayuka.

Daga shekarun 1980 aka fara sauya libarba da fistol mai cin harsasai da yawa, musamman bayan artabun birnin Miami na watan Afrilun 1986 da ya yi ajalin jami'an FBI biyu. Amma rundunar New York ta nemi a taurara kunamar sababbin bindigoginta zuwa kimanin kilo biyar da rabi, domin ta yi kama da ta libarbar da jami'anta suka saba da ita. Masu suka sun daɗe suna cewa hakan na rage iya saiti, kuma a 2021 rundunar ta fara bai wa sababbin ɗauka bindigogi masu kunama mai sauƙi.

Wannan kai-komo ya nuna cewa babu nauyin kunama da ya dace da kowane hali. Mai laushi na taimaka wa saiti amma yana buɗe ƙofar kuskure, mai tauri na rage kuskure amma yana jan hannu ya kauce. Ko a gasar Olamfik, inda ake harbin fistol na mita 25 da harsashin .22, doka ta hana kunama ta gaza kilo ɗaya.

Horo kuma na iya cin galabar tauri. A 1999 Ba'amurke Jerry Miculek ya harba harsashi takwas daga libarba cikin daƙiƙa ɗaya, duk da dogon ja. Rundunar zaratan jandarmomin Faransa ta GIGN ma ta shahara da riƙon libarbar Manurhin MR 73 mai harba .357 Magnum, bisa horo mai tsanani.

Ƙarami ba ya nufin marar haɗari

Rashin shuri kan sa wasu su ɗauki .22 kamar abin wasa. Tarihi ya ƙaryata hakan. Da libarbar .22 aka kashe Sanata Robert Kennedy a Los Angeles a 1968. Da irinta aka harbi Shugaba Ronald Reagan a ranar 30 ga Maris 1981, harin da ya nakasa kakakinsa James Brady, wanda daga baya aka sa wa dokar binciken masu sayen bindiga ta 1993 sunansa.

Birtaniya ma ta yi muhawara kan wannan bambanci. Bayan kisan yara 16 da malamarsu a makarantar Dunblane da ke Scotland a watan Maris na 1996, gwamnatin John Major ta haramta bindigogin hannu da harsashinsu ya wuce .22. Da Tony Blair ya hau mulki a 1997, sai aka faɗaɗa haramcin ya haɗa da na .22 ɗin. Har yau mallakar irin waɗannan bindigogi haramun ne ga yawancin fararen hula a Ingila da Scotland da Wales.

A Amurka kuwa, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2008 cewa kundin tsarin mulki ya bai wa mutum 'yancin ajiye bindigar hannu a gidansa. Amma baƙi su lura: dokar tarayya ta bai wa mai takardar zama ta dindindin damar saye, ta kuma hana yawancin masu bizar wucin gadi, kamar ɗalibai da masu ziyara, in ban da wasu keɓantattun yanayi. Kowace jiha kuma na da nata ƙarin sharuɗɗan, kuma saɓa musu na iya kai baƙo gidan yari ko a tasa ƙeyarsa.

Alƙaluman hukumar CDC sun nuna cewa mutum 48,830 ne suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka a 2021, kuma fiye da rabinsu kashe kansu suka yi. Shi ya sa likitocin yara da masu koyar da harbi suka haɗu a kan shawara ɗaya: a ajiye bindiga a kulle, babu harsashi a ciki, harsasan kuma a wani wuri daban. Taurin kunama ba abin dogaro ba ne a gidan da akwai yara, domin yaro kan haɗa yatsun hannu biyu ya danna.

A shari'ar fim ɗin Rust, wadda aka samu da laifi a watan Maris na 2024 ita ce mai kula da makamai, Hannah Gutierrez-Reed, aka kuma yanke mata ɗaurin wata 18. Hukuncin nata bai rataya a kan nauyin kunama ko faɗin harsashi ba. Ya rataya ne a kan yadda harsashi mai rai ya shiga bindigar da kowa a wurin ya ɗauka babu haɗari a cikinta.